Tsakanin Gadon Jinya da Rabon Gado: Sayar wa Dangi Gidan Tsoho Yana Raye

 

 An ba ni magana a kan dukiyar tsofaffinmu, musamman gida da gona, yadda ake sayar da su ga ɗa ko ƙane ko jika alhali mai abin yana kwance ana jinyarsa. Kafin in taɓo littafi ko doka, zan fara da laifin kaina, don kada wani ya ce mai lacca ya zo ne ya nuna wa mutane yatsa.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, daga baya ƙoda ta biyo. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san yadda kuɗi ke tafiya, sau biyu ko uku a mako, ba hutu ba rangwame. Babban ɗanta, wanda muke kira Yaya, shi ya ɗauki nauyin kusan shekara biyu, har jarinsa na kasuwa ya fara girgiza. Gwaggo tana da gida a cikin birni, tsohon gini mai soro da shaguna biyu a waje. Sai Yaya ya ce tunda dole a sayar, gara shi ya saya, kada bare ya shigo gidan da aka haife su. Za a cire abin da ya riga ya kashe, sauran ya riƙa biya a hankali ana magani da shi. Duk wanda ya ji ya ce Allah ya yi albarka.

Wata rana bayan la'asar aka kawo takardar ciniki asibiti. Hannunta na hagu akwai allurar ƙarin ruwa a maƙale, na dama kuwa ba ya motsi. Yaya ya buɗe ɗan gwangwanin tawada, ya ɗago babban yatsanta na hannun da ya mutu, ya dangwala, ya danna a ƙasan takarda. Ya ce, "Hajiya, maganar gidan nan ce da muka yi." Ta dube shi, ta kira shi da sunan mahaifinsa wanda ya shekara goma sha da rasuwa, ta tambaya ko an rufe wa kajinta akurki. Aka miƙo mini biro, na sa hannu. Ni ne shaida na biyu. Na ga abin da na gani, na ji abin da ta ce, amma kunyar Yaya ta hana ni buɗe baki.

Gwaggo ta ƙara shekara uku a duniya bayan wannan rana. Zan dawo kanta.

Abin da muka manta a wancan ɗakin asibiti shi ne mai gidan tana raye. A Hausa kalma ɗaya muke rubutawa ga gadon kwanciya da gadon mamaci, kuma da yawanmu da zarar tsoho ya hau na farko sai mu fara lissafin na biyu. Za ka ji ana cewa, "Ai dama nasu ne," ko "Ai ƙarshenta shi zai gada." A shari'a ba haka ba ne. Muddin numfashi yana fita, ɗa ba shi da ko tubali ɗaya a gidan uwarsa. Ba a ma san wa zai gaji wa ba, domin sau nawa mai jinya ya riga majinyaci tafiya? Saboda haka tambayar farko ba ita ce ko 'ya'ya sun yarda ba. Tambayar ita ce mai abin ya yarda, kuma yana cikin halin da yardarsa ke da amfani?

Malamanmu na Malikiyya sun raba wannan magana yadda ya kamata, kuma abin yana nan a babin hajaru na Mukhtasar ɗin Shehu Khalil, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi. Hajaru shi ne a hana mutum juya dukiyarsa yadda ya ga dama, don kare shi ko don kare haƙƙin wasu. Tsohon da jikinsa ya yi rauni amma hankalinsa garau, ciwonsa kuma ba irin wanda ake fargabar mutuwa a cikinsa ba ne, wannan ba wanda ke da ikon riƙe masa hannu. Ko a keken guragu yake, gidansa nasa ne, ya sayar wa wanda ya so. Tsufa kaɗai ba ya kwace wa mutum dukiya, kuma ina so matasa su ji wannan da kyau, don akwai 'ya'yan da ke ƙwace wa iyaye takardun gida da sunan wai sun tsufa.

Wanda ciwonsa ya kai matakin da likitoci suka ce yawanci ba a tashi, shi kuma hukuncinsa ya sauya. Ba a hana shi ci da sha da magani daga dukiyarsa, ba a kuma hana shi saye da sayarwa a kan farashin kasuwa. Abin da aka taƙaita masa shi ne kyauta. Ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma asalin wannan iyaka labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, da ya kwanta ciwo a Makka ya nemi bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya nemi rabi aka hana, aka tsaya a sulusi. Magaji kuwa ba a yi masa wasiyya sai in sauran magada sun amince.

To ina ruwan kyauta da ciniki? Nan ne gizo ke saƙa. Ku ɗauka gida ne da dillalai uku za su ce ya kai naira miliyan 30. Aka sallama wa ɗa a miliyan 18, don na gida ne. Wannan miliyan 12 da ke tsakani ba ciniki ba ce, kyauta ce da aka sa mata rigar ciniki. Malamai suna kiranta muhabatu. In mai gidan ya rasu a wannan ciwo, kuma mai sayen magaji ne, rangwamen nan ba ya zama sai da yardar sauran magada, har da 'yar da ke aure a Damagaram wadda ba wanda ya buga wa waya. In kuwa mai sayen ba magaji ba ne, kamar ɗan ƙane ko jikan da baffanninsa suka tare shi daga gado, sai a auna rangwamen da sulusin dukiyar mamaci, abin da ya haura a mayar. In Allah ya ba mai gida lafiya ya tashi sarai, abin da ya yi ya yi.

Akwai ma wanda ya fi wannan muni, inda ba a biya ko sisi ba, sai dai a rubuta cewa an biya don a kau da gidan daga 'yan uba ko daga 'ya'ya mata. Wannan dabara tsohuwa ce. Alƙalin Garnaɗa, Ibnu Asim, wanda ya rasu a 1426, ya yi maganarta a Tuhfatul Hukkam da sunan tauliji, kuma hukuncinta rushewa ne in shaidu suka tabbatar. Ke nan kusan shekara 600 da suka wuce, a Andalus, 'ya'ya suna yin abin da muke yi a yau, alƙalai kuma sun gano su.

Gwaggo ba ta ma cikin waɗannan biyun, wato tsoho mai hankali garau da mai ciwon da ake fargabar mutuwa a cikinsa. Ita hankalin ne ya tafi. Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci sun ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi. Shanyewar ɓarin jiki na cikin abubuwan da ke jawo shi. Wahalarsa ita ce yana zuwa yana tafiya. Da hantsi tsohuwa za ta gane kowa har ta tambayi kuɗin hayar shago, da yamma ta ce a kai ta gidan babanta. Wanda ke cikin wannan hali dangwala yatsansa a takarda bai zama ciniki ba, ko shaidu goma suka sa hannu. Ayar bashi ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta ambaci mai raunin da ba ya iya shibtar abin da ke kansa, ta ce waliyyinsa ya yi masa da adalci.

Wane ne waliyyin? A nan al'adarmu da fiƙihunmu suka raba hanya. Mu a gida, babban ɗa namiji shi ne komai da zarar uba ya kwanta. A Malikiyya kuwa walicin dukiya na uba ne, sai wanda uba ya yi wa wasicci, sai alƙali. Ɗa ba ya cikin jerin, wa da ƙane ba sa ciki. Babban mutum da hankalinsa ya gushe, alƙali ne ke naɗa wanda zai kula da dukiyarsa. Yana iya naɗa babban ɗan, kuma sau da yawa shi ya fi dacewa, amma da naɗi yake samun iko, ba da haihuwa ba. Kada wani ya ce wannan maganar littafi ce kawai. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 277, ya lissafa abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke saurare, kuma a ciki akwai kyauta da wasiyya da gado, akwai kuma riƙon Musulmin da hankalinsa ko jikinsa ya gaza. Ƙofar a buɗe take. Mu ne muke ganin zuwa gaban alƙali iyaye na raye kamar tonon asiri ne, sai mu jira su mutu mu je da lauyoyi.

Ko da an naɗa ka, ko kuma tsohon ya wakilta ka tun yana da hankalinsa, akwai abin da ba ka da ikon yi: ka sayar wa kanka. Khalil ya hana wakili ya sayi abin da aka ba shi ya sayar, ya hana shi sayar wa yaron da ke ƙarƙashin riƙonsa, sai fa in mai abin ya ba da izini ko kuma an kai kayan kasuwa tayi ya ƙare. Ya yarda ya sayar wa matarsa in ba rangwame a ciki. Dalilin kowa ya san shi a zuciyarsa. Mai sayarwa yana so farashi ya hau, mai saye yana so ya sauka, kuma in ƙirji ɗaya ya ɗauki su biyun, mun san wanda zai yi nasara. Yaya shi ya kira dillalin da ya yi wa gidan kuɗi, shi ya yi tayi, shi ya sallama, shi ya ɗago yatsan.

Zan ɗan fita waje, saboda na san a nan akwai masu 'ya'ya da 'yan uwa a Ingila. Su can tsoho in ya gaza, gidan kula da tsofaffi ake kai shi, kuma kuɗi ake biya. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa, kuma in ya tare can gaba ɗaya ana lissafa gidansa a cikin dukiyar bayan mako 12, sai dai in matarsa ko mijinta na zaune a ciki. Wannan ya sa wasu ke gaggawar sayar wa ɗa gidan da araha don hukuma ta ɗauki nauyi. Ƙaramar hukuma in ta gano an yi haka da gangan, sai ta yi lissafi kamar gidan yana nan, har tana iya bin wanda aka ba. Dokarsu ta 2005 kan masu raunin hankali ta samar da wakilcin da mutum ke yi tun yana da hankali, a yi masa rajista, ya ci gaba da aiki bayan ya ruɗe. Amma wakilin nan in yana so ya sayi gidan da kansa, ko ya sayar ƙasa da ƙima, sai ya nemi izinin kotun da ke kare irin waɗannan mutane. Ba su karanta Khalil ba, amma sun iso inda ya tsaya, don halin ɗan Adam a kan gida iri ɗaya ne a Landan da Kano.

Yanzu bari in yi wa Yaya adalci, domin akwai irinsa da yawa a zauren nan, kuma galibi mata ne. Shi ba ɓarawo ba ne. Shi ya kwana a barandar asibiti, shi ya san kuɗin kowace allura, shi ake tasa da tsakar dare, yayin da wasu 'yan uwan sai dai su kira waya su ce yaya jikin Hajiya. Mai jinya yana gajiya, kuma gajiya tana yi wa mutum raɗa cewa ya cancanci wani abu. Wani lokaci ma gaskiya ce. Amma hanyar karɓar haƙƙin ba ita ce karya farashin gida ba. In iyaye ba su da komai, ciyar da su da maganinsu wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, gwargwadon ƙarfin kowa, ba a kan mutum ɗaya ba. In suna da dukiya, daga dukiyarsu ake yi. Wanda ya fitar daga aljihunsa da niyyar a biya shi, ya faɗa tun a lokacin, gaban 'yan uwa, ya ajiye rasit, ya buɗe littafi. In ya yi shiru shekara biyu sannan ya zo da jimla daga ka, 'yan uwa za su ce sadar da zumunci ya yi, kuma ba lalle alƙali ya ƙi maganarsu ba. Kai ko majinyacin da kansa ne ya yi iƙirari a ciwon ajali cewa wani magaji na binsa bashi, malamanmu suna duba ko akwai tuhumar fifiko kafin su karɓa.

Sai maganar biya a hankali, wadda a ganina ta fi rangwamen ma cutarwa. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Magungunan tsofaffi yawancinsu daga waje ake shigo da su. Gida yana bin tsadar rayuwa yana hawa, bashin da aka rubuta da naira kuwa yana zaune inda aka bar shi. Wanda ya sayi gidan uwarsa bashi ya riƙe abin da ke ƙaruwa, ya bar mata abin da ke narkewa. Haka ta faru da mu. A shekara ta biyu kuɗin da Yaya ke kawowa duk wata bai kai na wankin ƙoda na mako biyu ba, hayar shagunan nan biyu kuma, wadda a da ita ke sayen hatsin gidan, ta koma aljihunsa tunda shi ne mai gida. Tsohuwar da ta kwanta tana da gida ta koma ana yi mata karo-karo.

Ni fa ban ce kada a sayar ba. Magani ya fi gini, kuma barin tsoho cikin wahala don a adana wa magada gida shi ma zalunci ne. Ban kuma ce kada na gida ya saya ba. In ɗa zai biya abin da bare zai biya, lakadan, ya fi kowa dacewa, ga shi kuma tsohuwa za ta ci gaba da kwana a ɗakinta. Abin da nake cewa shi ne zumunci dalili ne na ƙara shaidu, ba na rage su ba. In ana dara fid da uwa ake yi. A fara duba ko haya ko sayar da shago ɗaya ko wani yanki na gona zai wadatar. A duba ma ko gidan nata ne gaba ɗaya, domin gidaje da yawa da muke kira gidan Hajiya gadon mijinta ne da ba a raba ba, tumuni kawai take da shi, kashi ɗaya cikin takwas, in da kishiyoyi ma su raba tumunin. In sayarwa ta zama dole, likitan da ke duba ta ya rubuta halin hankalinta a ranar. In ta gaza, a je gaban alƙali. Mai ƙiyasta kuɗin gida ya zama ba mai saye ne ya kawo shi ba, akwai ƙwararrun masu ƙiyasi da ke da rajista, a haɗa da dillalan unguwa, a bar tayin waje ya shigo don a ji gaskiyar kasuwa. Kuɗin ya faɗa asusun mai gida, ba asusun wani ɗa ba. Kowace 'ya mace ta ji da kunnenta kafin a sa hannu, ba a wurin zaman makoki ba.

Takardar gwamnati kuma kada a tsallake ta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce filin birni ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamna, na karkara kuma ta ƙaramar hukuma, kuma cinikin da ya rasa wannan yana iya rushewa. Sa hannun mai unguwa yana da amfani, amma ba ya maye gurbin rajista a ma'aikatar ƙasa. Tsakanin dangi ne aka fi yin sakaci da wannan, wai ai duk gida ne.

Gwaggo ta rasu wata Talata da asuba. Bayan addu'ar bakwai ƙannen Yaya mata suka tambayi maganar gida, aka fito da takarda. Ƙaramarsu, wadda ta yi jinyar uwar a watannin nan, ta dubi kwanan wata ta ce, "Yaya, a wannan watan Hajiya ko ni ba ta ganewa." Magana ta kai kotu, aka kira ni. Alƙali ya tambaye ni abu ɗaya: lokacin da aka dangwala yatsan, ta san abin da ake yi? Na ce ba ta sani ba. Amsar da ya kamata in bayar a asibiti ce, na ajiye ta shekara uku. Aka rushe cinikin, aka lissafa wa Yaya abin da ya iya kawo rasit ɗinsa, da yawa kuma ya bi ruwa don bai rubuta ba. Gidan ya koma cikin gado, rabo ya gagara, aka sayar wa wani ɗan kasuwa da ba mu taɓa gani ba. Ya rushe soron ya yi rukunin shaguna. Har yau Yaya ba ya amsa sallamata.

Iyayena da ke wurin nan waɗanda Allah ya bar muku lafiyarku da hankalinku, don Allah ku tara 'ya'yanku, maza da mata, ku faɗa musu abin da za a fara sayarwa in ciwo ya zo, da wanda kuka amince ya riƙe takardu, a rubuta gaban shaidun da ba su da rabo a ciki. Ku kuma da za a kira ku shaida a bakin gadon majinyaci, kafin ku karɓi biro ku gaishe shi, ku tambaye shi gidan wa ake sayarwa, wa ke saye, kuma nawa. In bai iya amsawa ba, ku mayar da biron.